Lensin Mamiya a jikin Canon: ƙarin kaifi ne ko ƙarin nauyi?

Yaron Situdiyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Maigidan da na koyi aiki a hannunsa ya bar mini kayansa na zamanin fim: lensin Mamiya 645 guda uku, 55mm f/2.8 da 80mm f/2.8 da 150mm f/3.5, sai kuma 127mm ɗaya na babbar kyamarar Mamiya RB67. Kyamarar da nake aiki da ita Canon ce mai ƙaramar sensa, megafiksel 24. An ce mini in na sayi adafta, wato zoben haɗa lensi da kyamarar da ba tasa ba, na ɗaura su, hotona zai fi na lensin Canon kaifi nesa ba kusa ba, wai don an ƙera su ne saboda babban fim. Haka abin yake? Kuma 80 ɗin nan, 80 zai tsaya ko canzawa zai yi?

Na Kurna:
Wa alaikumus salam. Kada ka tsaya wata-wata, sayi adafta. Lensi ne da aka yi shi ya cika fim mai faɗin santimita shida, kai kuwa tsakiyarsa kaɗai za ka ɗiba, kuma kowa ya san tsakiyar lensi nan kaifi yake. Ga shi ya fi girma, ya fi tara haske. Riba biyu ke nan.

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa maigidanka da alheri, kayan kirki ya bar maka. Da irinsu muka ci abinci shekara da shekaru. Hoton da muke wankewa daga RB67, in an faɗaɗa shi an sa a firem, sai ka iya bin zaren aikin wuyan babbar riga ɗaya bayan ɗaya, fuskar mutum kuma ta fito sumul, babu tsaki-tsakin fim. Ban taɓa ganin ƙaramin fim, wato na 35mm, ya yi haka ba. Amma 127 ɗin nan ka ajiye shi gefe tukuna, in na dawo daga masallaci zan gaya maka dalili.

Malamin Fiziks:
Bari mu fara da mai sauƙin. 80 dai 80 ne, ko a jikin wace kyamara aka ɗaura shi. Lambar ta gilashin ce, ba ruwanta da abin da ke bayansa. Abin da ke canzawa shi ne girman yankin da za ka kama daga hoton da lensin ya jefa. Ka haska tocila a bango ka ga da'irar haske, ka manna babbar takarda a cikinta, sannan ka cire ka manna ƙarama. Hasken yana nan yadda yake, abin da takardar ta kama ne ya bambanta.

Fim ɗin 645 milimita 56 ne a 41.5, daga kusurwa zuwa kusurwa kusan 70, saboda haka dole da'irar lensin ta kai 70. Ful-firem, wato sensar da ta kai girman ƙaramin fim, 36 ne a 24, kusurwa zuwa kusurwa 43. Sensar Canon ɗinka 22.3 ce a 14.9, ba ta ma cika 27 ba. A kan fim ɗinsa, 80 lensi ne na yau da kullum, abin da 50 yake yi wa mai ful-firem. A kan taka kyamarar zai nuna maka abin da kowane 80 zai nuna, wato abin da mai ful-firem zai gani da 128. Shi 55 ɗin da maigidanka yake ɗaukar taron jama'a da shi, a hannunka lensin ɗaukar fuska zai koma. 150 kuwa zai yi maka aikin 240, a cikin shago ba za ka sami filin ja da baya ba.

Maganar tara haske kuma, ɗan'uwa Na Kurna, ba haka take ba. f/2.8, wato ma'aunin buɗewar ƙofar haske ta lensi, ɗaya ne ko'ina, hasken da zai sauka a kan kowace milimita ta sensa daidai yake da na kowane f/2.8. Gaskiya ne jimillar hasken da ke fitowa ta bayansa ta fi yawa, amma shimfiɗa shi aka yi a babbar da'ira. Sensar yaron nan ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na filin da'irar ba. Sauran hasken duk a jikin adafta da bangon cikin kyamara yake ƙarewa, kuma shi ne zai zo ya dame shi daga baya.

Na Kurna:
To Malam, na ji lissafin haske. Amma tsakiyar fa? Wannan ba ka musa ba.

Malamin Fiziks:
Ban musa cewa tsakiya ta fi gefe ba. Abin da nake musawa shi ne a ce tsakiyar wannan lensin ta fi tsakiyar wancan don kawai da'irarsa ta fi faɗi. Ɗauki maganar Baba ta zaren wuyan riga. Kaifin da Baba yake gani, yawancinsa daga girman fim ɗin ya fito. In za ka wanke hoto inci 8 a 10, fim ɗin RB67 sau uku da rabi da ɗan ɗoriya kawai za ka faɗaɗa shi. Na 645 kusan sau biyar. Ƙaramin fim sau takwas da rabi. Sensar yaron nan ta haura sau goma sha uku.

Ana auna kaifin lensi da layuka ne, baƙi da fari a jere, a ga tagwayen layi nawa zai iya rarrabewa a cikin milimita ɗaya. Ma'aunin da aka saba bi shi ne, hoton da ke hannu in yana da tagwaye biyar a milimita, ido zai gan shi fes. To ninka da yawan faɗaɗawar. Lensin 645 in ya ba da 25 a kan fim ya gama aikinsa. Na ƙaramin fim sai ya ba da 43. A kan ƙaramar sensa ana bukatar kusan 68, don a sami hoto mai girma ɗaya da kyau ɗaya. Ka ga ke nan lensin da aka ɗora wa mafi sauƙin jarrabawa a gidansa, shi aka kawo wurin da jarrabawar ta fi ko'ina tsanani.

Kuma mai ƙera lensi ba ya samun komai kyauta. In aka ce masa ya gyara hoto har zuwa da'ira mai faɗin 70 ko 90, dole ya raba ƙoƙarinsa a duk faɗin. In 43 ce ko 27, sai ya tattara shi wuri ɗaya. Shi ya sa a mafi yawan lokuta, in ka auna milimita da milimita, lensin ƙaramar kyamara mai kyau ba ya kasa na babbar, sau da yawa ma yakan ɗara shi, musamman in an buɗe ƙofar haske gaba ɗaya.

Hajiya Mai Kyamara:
Ni ban iya lissafin Malam ba, amma na iya wurin biki. Ƙanena, wane irin aiki kake yi? In kamu ne da dina da sa-lalle, amarya ba za ta tsaya kana murɗa fokas da hannu ba, ƙawaye na turereniya, mai kiɗa na kira. Babu otofokas, ƙofar haske ma da hannu za ka rufe, kuma da ka rufe zuwa f/8 madubin leƙen Canon ɗinka zai yi duhu. Hoto mai kaifi wanda fokas ya faɗa kan kunne maimakon ido, wa zai biya kuɗinsa?

Yaron Situdiyo:
Hajiya, rabi da rabi ne. Ina zuwa biki, amma yawancin aikina a shago ne, hoton fuska da na 'yan makaranta, sai masu sayar da huluna da takalma da suke kawo kaya in ɗauka musu don tallar intanet.

Hajiya Mai Kyamara:
To wannan dabam. Hula ba ta motsi.

Ɗan Damagaram:
Sallama ga kowa. Malam, lissafinka daidai ne amma ina ganin ka ɗan danne su fiye da kima. Cewa lensi yana bukatar 25 ba ya nufin 25 ɗin kaɗai yake bayarwa. Masu hoton talla da na mujalla ne suke sayen waɗannan kaya, mutanen da suke duba fim da gilashin ƙara girma, ba za a sayar musu da abin da ya tsaya iyakar bukata ba. Takardun da kamfanin lensi na Zeiss ta fitar na lensin babbar kyamarar Hasselblad, a kan layi 10 da 20 da 40 ta auna su, ma'aunin da take bi a na ƙaramin fim. Wasunsu kuwa har yau ba a raina su: Planar 100mm f/3.5, Superachromat 250mm f/5.6, a ɓangaren Mamiya ga 120mm f/4 makro da 200mm f/2.8 APO.

Ga kuma hujja ta zahiri. Pentax 645Z da ta fito a 2014, megafiksel 51, girman kowane fiksel ɗinta maikiron 5.3 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma mutane sun ci gaba da ɗaura mata tsofaffin lensin Pentax 645 na zamanin fim suna aiki da su. Ful-firem mai megafiksel 24 fiksel ɗinta maikiron 6 ne, ya fi wancan girma. Lensin da ya gamsar da 5.3, me zai hana ya gamsar da 6? Ni 80 da 150 na Mamiya nake ɗaurawa a ful-firem, a f/5.6 ban ga abin kushewa ba, kuma kusurwoyin hoton fes suke, babu duhun nan na gefe, layin bango ba ya lanƙwasa.

Malamin Fiziks:
A kan ful-firem mai 24 muna tare, ranka ya daɗe. Kuma abin da ka faɗa na kusurwa shi ne ribar gaskiya: duhun gefe ya tafi, lanƙwasar layi ta ragu, kaifi ya yi kusan ɗaya daga tsakiya zuwa baki. Mai ɗaukar takardu ko zane ko atamfa a shimfiɗe zai ji daɗin wannan. Sai dai yaron nan ba ful-firem gare shi ba. Fiksel 6000 ne aka cusa a milimita 22.3, kowane ɗaya maikiron 3.7. Sensarsa tana iya ɗaukar tagwayen layi har 134 a milimita, taka 83. Duk ɗan laushin da kai ba za ka gani ba, shi zai gan shi ƙarara in ya zuƙo hoton a kwamfuta.

Kuma akwai aibin da yanke gefe ba ya kawar da shi, domin a tsakiyar yake zaune. Ɗaya shi ne ɗan hazon da ke lulluɓe abu in an buɗe lensi gaba ɗaya. Ɗayan kuma launin nan ja-ja a gaban inda fokas ya tsaya da kore-kore a bayansa, wanda ake gani a jikin sarƙar zinare ko farin rawani a rana. Maganinsu rufe ƙofa, amma a ƙaramar sensa filin rufewar ba shi da yawa. Haske in ya bi ta ƙaramar kafa bajewa yake yi: a f/8 ɗigo ɗaya yana zama tabo mai faɗin kusan maikiron 11, wato fiksel uku na yaron nan, a f/16 ya haura 21. Masu RB67 suna aiki a f/16 da f/22 hankali kwance don faɗaɗawarsu kaɗan ce. Shi kuwa tsakanin f/5.6 da f/8 ne gonarsa.

Baba Mai Hoto:
Na dawo. Ɗana, batun 127. Duba jikinsa, za ka ga babu zoben murɗa fokas. RB67 da Mamiya ta fitar a 1970, fokas ɗinta a jikin kyamarar yake, akwai zugazugi da maɓallan murɗawa a gefe, su suke tura lensin gaba da baya. Shota kuma a cikin lensin take, sai an ɗana ta take buɗewa. Tazarar da yake bukata daga gindinsa zuwa fim ta haura milimita 110. Saboda haka adaftarsa doguwa ce, kuma dole ta zo da nata zoben fokas, ga tsada ga nauyi. Ka bar shi sai ranar da ka sami jikinsa ka sa fim. Na 645 ɗin su ne masu sauƙi, zoben fokas da na ƙofar haske duk a jikinsu suke.

Malam kuma, Allah ya ƙara sani, na ji bayaninka. Amma hazon da kake kira aibi, mu shi muke nema a hoton fuska. Mace ta zo ɗaukar hoto ba ta zo a ƙirga mata ƙuraje ba. Lensin yanzu wasunsu har ramukan fata suke tonowa, sai yaro ya zauna a kwamfuta awa guda yana gogewa, fuskar ta koma ta roba. 150 ɗin nan a buɗe, fata takan fito da taushi ba tare da ido ya rasa kaifinsa ba.

Malamin Fiziks:
Baba, wannan ba ni da ja a kai, ido da gogewa naku ne. Abin da nake so yaron ya riƙe shi ne, in don wannan taushin zai ɗaura to ya ɗaura da saninsa. Kada ya shiga da tsammanin ƙarin kaifi, ko tsammanin hotonsa zai yi kama da na RB67. Yadda mutum yake fitowa baya ya narke a hoton cikakken tsayi, da yadda launi yake sauka a hankali daga haske zuwa inuwa, aikin babban fim ne, ba ya biyo lensi ta cikin adafta.

Na Kurna:
Akwai fa adafta mai gilashi da take matse da'irar. Kipon na yin ta 0.7 don lensin 645. Ita ba ta dawo da kamannin ba?

Malamin Fiziks:
Tana dawo da kusurwar gani a kan ful-firem marar madubi. 80 sau 0.7 ya zama 56, haske ya ƙaru da mataki ɗaya, wato ya ninka biyu, tunda an tattara shi a ƙaramin fili, f/2.8 ya koma kamar f/2. Dabara ɗaya ce da Speed Booster da Metabones ta fitar a 2013. Amma lissafa ka gani: bayan duk wannan kuɗin, abin da ke hannunka 56mm f/2 ne na murɗawa da hannu, ga ƙarin gilasai a hanya. 50mm f/1.8 na Canon ya riga ya ba ka wannan da otofokas. Inda abin yake da armashi shi ne 80mm f/1.9 na Mamiya, wanda yake komawa kusan 56mm f/1.3. Kuma irin wannan adafta ba ta shiga kyamarar yaron nan, madubin da ke ciki ya tare wurin.

Mai Gyara:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren abin da ke zuwa teburina. Kafin a yi gardamar layi nawa a milimita, a fara duba lafiyar lensin. Mamiya 645 ta fara fitowa a 1975, wasu daga cikin kayan nan sun shekara arba'in suna shan zafi da ƙurar hunturu da laimar damina. Ƙanena, shiga ɗaki mai duhu, buɗe ƙofar lensin gaba ɗaya, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba a karkace. Ƙura 'yar kaɗan ba komai. Abin tsoro shi ne zare-zaren funfuna da ke fara yaɗuwa daga baki, da hazo fari-fari da ya shafe gilashin ciki, wanda yawanci man fokas ne zafi ya narkar ya yi tururi. Wannan hazon yana kashe hoto fiye da duk abin da Malam ya lissafa. Duba ganyayyakin ƙofar kuma, in suna ƙyalli da mai ko suna jan ƙafa wurin rufewa, sai an wanke.

A jikin lensin akwai ɗan maɓalli mai A da M. Tura shi M, in ba haka ba za ka yi ta murɗa zoben ƙofa ba ta rufe ba.

Adafta kuma: tazarar Mamiya 645 milimita 63.3 ce, ta Canon EF 44, saboda haka zobe ne kawai mai kaurin 19.3, babu gilashi a ciki, ba ya rage wa hoto komai in an yanka shi daidai. In ya yi kauri ko da kaɗan, fokas ba zai kai nesa ba. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, rabin hoto zai yi laushi ka zargi lensi. Sannan leƙa cikinsa. Masu arha da yawa baƙin fenti mai sheƙi ake shafa musu, hasken nan da Malam ya ce ba ya sauka a sensa sai ya daki bangon ya dawo, ka ga wani farin tabo a tsakiyar hoto, baƙi ya koma toka-toka. Nemi baƙin karammiski marar zubar da gashi, yanka siriri ka liƙa a ciki. A gaba kuma sa hular lensi wadda ta fi tasa ta asali tsawo, tunda gefen da za ta tare ba ka amfani da shi.

Yaron Situdiyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wani abokin aiki ya ara mini adaftarsa, na ce gani ya kori ji. Na duba su da fitila yadda Yaya Mai Gyara ya ce, 80 da 150 garau suke, 55 yana da ɗan hazo a gilashin baya. Na kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, na jera huluna zanna a bango, ɗaya a tsakiya, sauran a kusurwoyi, na yi fokas ta allon baya na zuƙo har ƙarshe. Na matsa da kyamarar yadda hular za ta yi girma ɗaya a 80 ɗin da a 50mm f/1.8 nawa.

A f/2.8 hamsin ɗina ya fi fitar da zaren a tsakiya, 80 ɗin yana da ɗan laushi, kuma a bakin farin zare akwai ja-ja kaɗan. A f/5.6 sai da na duba sunan fayil kafin in san wanne ne wanne. Hulunan kusurwa kuwa na 80 ɗin sun fi daidaita da ta tsakiya. Da na juya wajen taga sai farin tabon ya fito, cikin adaftar kuwa sheƙi yake yi.

Na Kurna:
Ka ga kusurwar dai ta fi.

Hajiya Mai Kyamara:
Ta fi, amma abin da aka ce masa tun farko ai "nesa ba kusa ba" ne. Ƙanena, tunda kyauta ka same su, zoben ba wani kuɗi ba ne, saya ka yi aikin shago da su. Wanda ba shi da su kuwa kada ya je ya sayo don neman kaifi, ya tara kuɗin ya sayi 85mm f/1.8 na kyamararsa.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta yi gaskiya, amma har yanzu ba a taɓo inda waɗannan lensi suka fi ƙarfi ba. Duk muna maganar ragowar da'irar kamar asara ce. Ni saboda ita nake riƙe da su. Akwai adafta mai zamewa da karkatawa, irin ta kamfanin Mirex na Jamus, tana ba ka damar zame lensin gefe ko sama har milimita 15. Da'irar 70 a kan ful-firem kuwa tana ɗaukar wannan zamewar ba tare da kusurwa ta fita daga haske ba. Lensin TS-E na Canon da aka yi musamman don wannan aiki, 11 ko 12 suke zamewa, kuma kowane ɗaya da kuɗinsa. Nan adafta ɗaya ta mayar maka da duk lensin 645 da ke jakarka masu zamewa.

Ni gine-gine nake ɗauka, gidajen unguwar Birni masu zane a fuska, da fadar Sarkin Damagaram. Kowa ya san in ka ɗaga kan kyamara sama don ka kama zankwaye, bangon sai ya tsuke ta sama kamar ginin zai faɗi baya. Maganin shi ne kyamara ta tsaya cak, lensin ya hau. Ɗauki hasumiyar masallacin Agadas, mita 27. Da 35mm, kyamara a tsaye ba ɗagawa, sai ka ja baya kusan mita 50 kafin ƙolinta ya shigo, rabin hoton kuma ƙasa ce. In ka zame lensin sama milimita 15, daga mita 27 ka kama ta. Ita hasumiyar dama tsukakkiya ce ta sama, in ka ƙara mata tsukewar ɗaga kyamara ka ɓata siffar da magina suka ba ta.

Iyakar abin ita ce faɗi. Mafi faɗin lensin Mamiya 645 mai miƙaƙƙen layi na wancan zamani 35mm f/3.5 ne, na Pentax 67 kuwa 45mm. A lungu mai ƙunci ba su isa ba. Kuma da ka zame, ka bar tsakiyar nan da ake yabo ka koma bakin da'ira, sai ka rufe zuwa f/11 kafin saman hoton ya yi kyau.

Malamin Fiziks:
Wannan ita ce hujjar da ba ni da amsarta, domin babu lensin ƙaramar kyamara na yau da kullum da zai yi ta. Ga yaron nan ma karkatawar ce za ta fi yi masa amfani. In ya jera takalma a tebur daga kusa zuwa nesa, maimakon ya rufe zuwa f/22 hoto ya baje, sai ya karkata lensin ƙasa kaɗan, layin fokas ya kwanta a kan teburin, na gaba da na baya su fito tare a f/8. Ƙa'idar tsohuwa ce, da sunan Scheimpflug ɗan Ostiriya aka san ta tun farkon ƙarni na 20.

Hajiya Mai Kyamara:
Wannan kam ya shafe ni. Kayan lefe in an baje su a kan kafet, akwatin gaba ya fito na baya ya dushe, kullum da shi nake fama. Wane lensi ya fi dacewa, ranka ya daɗe?

Ɗan Damagaram:
A ful-firem 55 ko 45, Hajiya, in ɗakin na da fili 80. Ƙananan kaya irin sarƙa da agogo kuwa 120 makro, wato lensin ɗaukar abu daga kusa. Amma sai da mai ƙafa uku da natsuwa, ba aikin tsakiyar taro ba ne, kafin baƙi su iso za ki yi shi.

Yaron Situdiyo:
Ni da ƙaramar sensa fa, zamewar za ta yi mini wani amfani, tunda ba ni da mai faɗi?

Ɗan Damagaram:
Za ta yi, ta hanyar ɗinki. Ɗauki ɗaya a tsakiya, zame 15 hagu ka ɗauka, zame 15 dama ka ɗauka, ka haɗa ukun a kwamfuta. Faɗin da ka kama ya tashi daga milimita 22 zuwa 52, kusan faɗin fim ɗin da aka yi lensin dominsa, fiksel wajen 14,000 a tsawo, megafiksel 56 ke nan. A nan 55 ɗinka zai dawo mai faɗi ta gefe da gefe. Ya dace da gini da allon makaranta da kaya a shimfiɗe, ban da mutane masu motsi. In akwai abu kusa da kyamara, lensin za ka kafe ka riƙa zame jikin kyamarar, in ba haka ba ɗinkin ba zai haɗu daidai ba.

Mai Gyara:
Kafin ka yi odar mai zamewar, auna goshin kyamararka. Ƙananan Canon masu filasha a ka, goshinsu yana leƙowa bisa bakin lensi, wata adaftar in ka zame ta sama sai ta daki wurin tun ba ta kai rabi ba. Tambayi mai sayarwa ko an gwada ta a irin taka. 55 ɗin kuma kawo shi a wanke hazon tukuna, in ba haka ba duk abin da ka gwada da shi hazon kake aunawa.